Toshewar Magudanar Hawaye a Idon Yara: Jagora ga Iyaye, Daga Tausa Zuwa Tiyata

Jariri ya yi sati uku ko huɗu da haihuwa, sai uwa ta lura idonsa ɗaya kullum a jiƙe yake. Ba kuka yake yi ba, amma hawaye na kwance a bakin fatar ido, wani lokaci har ya gangaro kumatu. Da asuba kwantsa ta liƙe gashin idon, a goge, kafin azahar ta dawo. Farin idon kuwa tas yake, babu ja, yaro na shan nono yana barcinsa lafiya. Mafi yawan lokuta abin da ke kawo haka shi ne toshewar magudanar hawaye. Lalura ce mai sauƙi, amma tana buƙatar a bi ta daki-daki, domin akwai waɗanda ke gaggawar neman aiki tun lokaci bai yi ba, akwai kuma waɗanda ke zuba ido har yaro ya shiga makaranta yana fama da ruwan ido.

Inda matsalar take

Ana samar da hawaye a wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙashin gira, ta ɓangaren da ke kusa da kunne. Duk ƙiftawa ɗaya tana shimfiɗa shi a kan ido, sannan ta tura shi zuwa kusurwar da ke kusa da hanci. Idan kuka ɗan ja fatar idonku ta ƙasa a gaban madubi, za ku ga wata 'yar ƙofa kamar hujin allura a wannan kusurwa. Akwai irinta a fatar sama. Ta nan hawaye ke shiga, ya bi 'yan siraran hanyoyi biyu zuwa jakar hawaye da ke gefen karan hanci, daga can ya sauka ta wani bututu da ke cikin ƙashi ya faɗa cikin hanci. Shi ya sa mai kuka yake jan majina.

A ƙarshen wannan bututu, daidai inda yake buɗewa cikin hanci, akwai wani tantani da ya kamata ya huje gab da haihuwa. A wasu jarirai ba ya hujewa. Lamarin kamar soro ne da indararonsa ya toshe: ruwan sama bai ƙaru ba, hanyar fita ce babu, sai ya taru ya malalo ta inda bai kamata ba. Hawayen da ya kwanta a jaka kuma yana tara ƙwayoyin cuta, shi ne kwantsar da ake gani.

Wani bincike da aka yi a Dundee ta ƙasar Sukotlan, aka wallafa a 1991, ya bi jarirai fiye da 4,000. Kusan ɗaya cikin biyar sun yi ruwan ido a shekararsu ta farko, amma kashi 96 cikin 100 na waɗannan sun warke da kansu kafin su cika shekara. Ku riƙe wannan adadi, domin a kansa aka gina duk shawarar da ke biye.

Mataki na farko: a tabbatar da cewa ita ce

Wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Ba duk ruwan idon jariri ba ne toshewar magudana, kuma wasu daga cikin cututtukan da ke kama da ita suna makantarwa.

Idan a kwana biyu zuwa biyar na farko fatar idon jariri ta kumbura suntum, mugunya mai kauri tana fita kamar ana matso ta, wannan ciwon da ake ɗauka wajen haihuwa ne, kuma yana iya huda baƙin ido cikin 'yan kwanaki. Kada a ce sai an yi suna. A ranar za a tafi asibiti.

Idan yaro na hawaye kuma yana gudun haske, yana cusa fuska a ƙirjin uwa in an fito rana, baƙin idonsa ya fi girma ko ya yi hazo-hazo, ana zargin hawan jinin ido na haihuwa. Abin tausayi shi ne sau da yawa dangi yaba idon suke yi, suna cewa yaro ya yo dara-daran idanu. Wannan ciwo tiyata yake buƙata da gaggawa.

Idan aka haifi jariri da wani kumburi mai shuɗi-shuɗi a ƙasan kusurwar ido ta wajen hanci, jakar hawayen ce ta toshe sama da ƙasa ta cika da ruwa. Irin wannan ba a jira da shi shekara, yawanci a makonnin farko ake buɗe shi. In ya kasance ta ɓangare biyu, yana iya toshe hanci, jariri kuwa da hanci yake numfashi, don haka za a ji yana gurnani ko yana sakin nono don ya sha iska. Haka nan idan gefen karan hanci ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, ga zazzaɓi, jakar ta ruɓe ke nan. Ana kwantar da yaro a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, gwajin likitan ido ba shi da wahala. Zai danna gefen karan hanci ya ga ko kwantsa za ta dawo ta 'yar ƙofar. Sannan ya ɗiga wani rini mai ruwan ɗorawa, furoresin, ya jira minti biyar, ya haska shuɗiyar fitila. A lafiyayyen ido rinin ya wuce hanci. A wanda ya toshe yana nan kwance yana ƙyalli. Babu allura, babu hoto.

Mataki na biyu: tausa, tsafta da haƙuri

Wani likita Ba'amurke mai suna Crigler ne ya bayyana hanyar tausar nan a 1923, kuma har yau ita ake koya wa iyaye. Uwa ta wanke hannu, ta yanke farce. Ta ɗora kan ɗan yatsanta manuni a kusurwar ido ta ciki, a gefen karan hanci, ba a kan ƙwayar ido ba. Ta danna ciki har ta ji ƙashi, sannan ta gangaro da yatsan ƙasa ta gefen hanci da ɗan ƙarfi. A yi sau biyar zuwa goma a zama ɗaya, zama biyu zuwa huɗu a rana. Manufar ita ce a matsa ruwan da ke cikin jaka ya tura tantanin har ya fashe, don haka shafa sama-sama ba ta yin komai. Yawancin iyaye mata tausayi ke hana su dannawa yadda ya kamata. Ku roƙi likita ko ma'aikaciyar jinya ta nuna muku a jikin yaron, sannan ku yi a gabanta ta gyara muku. Haɗa tausar da lokacin wanka ko sauya ƙunzugu yana taimakawa kada a manta.

Kwantsa kuwa, a tafasa ruwa a bar shi ya huce, a jiƙa auduga mai tsafta a goge daga wajen hanci zuwa wajen kunne, kowane ido da audugarsa. Fatar da ke ƙasan ido in ta fara ja saboda jiƙa, a shafa ɗan man basilin.

Maganin ɗigo ba ya buɗe magudana. Aikinsa rage kwantsa ne idan ta yi yawa ta koma ɗorawa ko kore, kuma na 'yan kwanaki ne, da umarnin likita. A nan nake so in ja kunne sosai. Kada a je kemis a ce a ba da "maganin ido" haka kawai. Da yawa daga cikin waɗanda ke kan kanta suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda in aka daɗe ana ɗiga wa yaro yake jawo hawan jinin ido da yanar ido. Kada a ɗiga nono, ruwan sukari, ruwan ganye ko wani jiƙo. Kwalli ma a ajiye shi. Na san kakanni na ganin yana wanke ido yana ƙara gani, amma dutsen da ake niƙawa a yi shi yana ɗauke da dalma mai yawa a mafi yawan lokuta. A 2011 an samu wani jariri a birnin Boston na Amurka da gubar dalma a jininsa, da aka bincika sai aka tarar kwallin da aka kawo daga Najeriya ne, fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Ido mai ruwa kuma yaro ya fi murza shi ya kai hannu baki.

Lokacin hunturu, ko in yaro na mura, ruwan idon zai ƙaru saboda cikin hanci ya kumbura. Wannan ba ya nufin abin ya ta'azzara.

Mataki na uku: yaushe za a yi aiki?

Likitoci ba su haɗu a kan rana ɗaya ba. A Amurka wasu suna buɗe magudanar tun yaro na wata shida zuwa goma, a ɗakin duba marasa lafiya, a naɗe shi a zane a ɗiga maganin kashe zafi, ba tare da sa shi barci ba. A Ingila da wurare da dama an fi son a jira ya cika shekara, a yi a ɗakin tiyata yana barci. Masu jira suna da hujja mai ƙarfi: wani bincike na likitocin idon yara a Amurka ya nuna ko a cikin 'yan wata shida zuwa goma, kusan biyu cikin uku suna warkewa cikin wata shida masu zuwa ba tare da an taɓa su ba.

A ganina, ga yaron da ba shi da wata matsala sai ruwan ido da kwantsa, jira zuwa wata 12 shi ne daidai. Daga nan kuma a daina jira. Bayan shekara ɗaya damar warkewa da kai tana raguwa sosai, kuma yayin da yaro ke girma, sauƙaƙan aiki yana rage tasiri, har a kai ga sai an yi babba. Tsakanin wata 12 da 18 lokaci ne mai kyau. Ana yin sa kafin haka idan jakar tana yawan ruɓewa ko fatar ido ta sassaɓe.

A nemi asibitin da ke da likitan ido da ya saba da yara, da kuma likitan sa barci da ya saba da yara. Na biyun bai gaza na farkon muhimmanci ba. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, Asibitin Ido na ECWA a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, wurare ne da za a fara tambaya.

Mataki na huɗu: shiri kafin ranar

Za a auna nauyin yaro, a duba yawan jininsa da rukuninsa na sikila. In yana da sikila, ku faɗa tun farko, domin akwai tanadi na musamman wajen ruwa da iskar shaƙa. Ku faɗi duk maganin da yake sha, har na gargajiya, da ko wani a dangi ya taɓa samun matsala da maganin barci, da ko yaron na da ciwon zuciya, asma ko farfaɗiya. In ya tashi da zazzaɓi, tari ko mura mai ƙarfi gab da ranar, ku sanar. Ɗage aikin da sati biyu ko fiye ya fi a sa shi barci da ƙirji a cushe.

Sai batun hana ci. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce: abinci, kunu, koko da madarar gwangwani a tsaya awa 6 kafin aiki, nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 2. In asibitinku ya ba da wasu awanni daban, nasa za ku bi. Wannan ba tsaurin banza ba ne. Yaron da ke da abu a ciki yana iya amayo shi yana barci ya shige huhu, kuma wannan haɗari ya fi aikin kansa girma nesa ba kusa ba. In kuka ya yi yawa har wani ya ba shi nono ko biskit a ɓoye, don Allah a faɗa wa likita gaskiya. Ku roƙi a sa ku a farkon layi da safe saboda ƙanƙantarsa.

Mataki na biyar: abin da ke faruwa a ɗakin tiyata

Kalmar tiyata tana tayar da hankali, amma a wannan aiki na farko ba a yanka, ba a ɗinki, ba a taɓa ƙwayar ido. Ana ɗora wa yaro abin shaƙa a fuska ya yi barci. Likita zai ɗan faɗaɗa 'yar ƙofar hawayen, sannan ya zira wani siririn tsinken ƙarfe marar kaifi, irin wanda William Bowman, likitan ido na Ingila, ya fito da shi a ƙarni na 19. Tsinken yana shiga tsaye kamar milimita biyu, a kwantar da shi ya bi hanyar zuwa wajen hanci har ya dungura ƙashi, sannan a miƙar da shi ya fuskanci ƙasa, ya bi bututun a hankali. Idan ya kai ga tantanin, likita yakan ji ɗan fashewa a yatsunsa.

Daga nan sai a tabbatar da cewa hanya ta buɗe. Wasu suna zira tsinke na biyu ta hanci su ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Wasu suna ɗura ruwan gishiri mai rini ta ido su zuƙo shi ta hanci. Inda akwai na'urar leƙa cikin hanci, ana ganin kan tsinken ido da ido, kuma wannan ya fi tabbaci. Wani lokaci ƙashin cikin hanci na ƙasa yana danne bakin bututun, sai a ɗan ture shi gefe. Duka aikin bai cika wuce minti goma ba a ido ɗaya, kuma in ido biyu ne, a zama ɗaya ake yi. Sa barci da farkawa sun fi aikin ɗaukar lokaci.

A cikin yara goma da aka yi wa wannan aiki a kan kari, kimanin takwas suna rabuwa da matsalar. Babban abin da ke iya kuskurewa shi ne tsinke ya kauce ya huda wata hanya ta daban, shi ya sa ake son hannun da ya saba.

Mataki na shida: bayan an dawo gida

Yaro yakan farka da rigima, ya lafa cikin awa ɗaya. Da ya farka sosai za a ba shi nono, kuma yawanci ranar ake sallama. Kwana ɗaya ko biyu za a iya ganin jirwayen jini a hawaye ko a majina. A goge kawai, kada a cusa komai a hanci. In akwai ɗan zafi, farasitamol na yara gwargwadon nauyinsa ya isa. Za a ba da maganin ɗigo na kimanin sati ɗaya ko biyu. Wannan kam ko da akwai sitiroyid a ciki, likita ne ya ƙayyade kwanakinsa. In sun cika a daina, kada a sayo wani.

Kada ku yanke hukunci a satin farko. Cikin bututun yana kumbure, hawaye na iya ci gaba, sai bayan sati huɗu zuwa shida ake sanin ko aiki ya yi. A koma asibiti nan take idan haɓo ya ƙi tsayawa, fatar ido ta kumbura ta yi ja, zazzaɓi ya taso, amai ya ƙi tsayawa, ko numfashi ya canja.

Idan aikin farko bai yi ba

Ba ƙarshen hanya ba ne, kuma ba lallai laifin kowa ba ne. Wasu yara ba tantani kaɗai ke gare su ba, bututun ne duka ya ƙuntata. An fi ganin haka a yaran da suka haura shekara biyu, da masu lalurar Down (wadda ake haihuwar yaro da ita, tana jawo jinkirin girma da koyo), da waɗanda aka haifa da tsagar leɓe ko wata tawaya a ƙasusuwan fuska.

Zaɓi na gaba shi ne a sake zira tsinken, amma a bar wata siririyar robar silikon a cikin hanyar don kada ta sake rufewa. Akwai mai bi ta ƙofa ɗaya da ɗan kai da ke zaune a bakin ƙofar, akwai mai bi ta ƙofofi biyu a ɗaure a cikin hanci, wadda za ku hango kamar zare fari a kusurwar ido. Tana zama wata biyu zuwa shida. Ba ta da zafi, yaro na wasansa yana wanka. Abin lura ɗaya ne: yara kan murza ido su jawo ta, ta fito kamar madauki. In haka ta faru kada a ja, kada a yanke da almakashi, domin ƙullin na iya maƙalewa a jaka. A manne madaukin a gefen hanci da filasta a kai shi asibiti. Cire mai ƙofa ɗaya yawanci a ɗakin duba marasa lafiya ake yi cikin 'yan daƙiƙu. Mai ƙofa biyu wani lokaci sai an sake sa barci na ɗan lokaci.

Akwai kuma hanyar balan-balan: tsinke mai ɗauke da 'yar jaka a kansa, a shigar da shi a hura ta kamar minti ɗaya da rabi ta buɗa bututun, a sace iskar, a maimaita, a zare. Ba a barin komai a ciki. Sakamakonta ya yi kusa da na robar silikon, sai dai kayan aikin na da tsada kuma sau ɗaya ake amfani da shi, don haka ba ko'ina ake samu ba. In asibitinku roba kaɗai ke gare su, ba ku yi asarar komai ba.

'Yan kaɗan ne ke kaiwa ga aiki na ƙarshe, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da DCR. Shi ne ainihin tiyata. Ana barin tsohon bututun, a huda ƙashin da ke tsakanin jakar hawaye da cikin hanci, a yi sabuwar ƙofa. Wani likita ɗan Italiya, Addeo Toti, shi ya bayyana shi a 1904. Ana yinsa ta ɗan yanka kamar santimita ɗaya a gefen karan hanci, ko ta cikin hanci da na'urar leƙawa ba tare da tabo ba. Yawanci ana jira yaro ya kai shekara uku zuwa huɗu, ƙasusuwan fuska su ɗan yi ƙwari, sai fa in jakar na yawan ruɓewa. Yana ɗaukar kimanin awa ɗaya, ana iya kwana a asibiti, kuma ana hana fyace majina na sati ɗaya ko biyu. Kusan tara cikin goma suna dacewa.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa: ko hawaye ya tsaya da kansa, ko bayan aiki, a mai da yaron a auna ƙarfin ganinsa. Yaran da suka yi toshewar magudana, musamman a ido ɗaya, sun ɗan fi sauran yara samun bambancin ƙarfin gani tsakanin idanu biyu. Idan ba a gano ba, ƙwaƙwalwa takan yi watsi da ido mai raunin ya zama malalaci, kuma yaro ba zai yi ƙorafi ba tunda ɗayan na gani. Gyaransa da tabarau da rufe lafiyayyen ido na wasu awanni yana aiki sosai kafin shekara bakwai, bayan nan yana wuya. Ku nemi a yi awon tun ranar da aka fara duba hawayen, a sake yi yana shekara uku zuwa huɗu, kafin a kai shi makaranta.